Ra'ayinmu: Ba Kowane Ciwon Baya Ne Na Haƙuri Ba

'Yan'uwa, duk macen da cikinta ya tsufa ta san ciwon baya. Nauyin ciki yana jan ƙugu gaba, jijiyoyi suna saki domin shirin haihuwa, ga kuma daka da surfe da ɗebo ruwa waɗanda ba sa jiran kowa. Don haka idan mai ciki ta yi kukan baya a Kanya Babba, ko a ƙauyukan Babura, Kazaure, Roni da Gwiwa, amsar da aka saba ba ta ita ce ta yi haƙuri, haka ciki yake. Sau da yawa gaskiya ne. Amma akwai ranar da wannan amsa takan jawo asarar rai, dalilin da ya sa muka ɗauko maganar ke nan.

Ciwon baya na gajiya yakan lafa idan mace ta huta, ko ta kwanta a gefe guda, ko aka gasa mata wurin da ruwan ɗumi. Wanda muke tsoro shi ne wanda yake zuwa yana tafiya a kan lokaci, misali duk bayan minti 10, ko wanda ya zauna a ƙasan baya ya ƙi jin hutu. Idan ya haɗu da ɗaurewar ciki, ko ciwon mara, ko jin kamar yaro yana turowa ƙasa, ko zubar ruwa ko jini, alhali ciki bai cika mako 37 ba, wato wajen wata takwas da rabi, to a ɗauka naƙuda ce ta zo kafin lokaci har sai ma'aikacin asibiti ya ce ba ita ba ce. Haka kuma ciwon baya mai haɗe da zazzaɓi ko zafin fitsari yana iya zama cuta ce ta kama mafitsara ko ƙoda, ita ma tana tayar da naƙuda idan an ƙyale ta.

Al'amarin ba ƙarami ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa an haifi bakwaini miliyan 13.4 a duniya a shekarar 2020, kuma Nijeriya ce ta uku wajen yawa, bayan Indiya da Pakistan. A cikin yara 'yan ƙasa da shekara 5, babu abin da ya fi matsalolin haihuwar bakwaini kisa.

Me ya sa muke matsawa a kan gaggawa? Domin akwai allurar da ake yi wa uwa tsakanin mako 24 da 34 don huhun jariri ya yi ƙwari, kuma ta fi amfani idan ta sami aƙalla kwana guda kafin a haihu. Matar da aka ajiye a ɗaki daga magariba zuwa asuba ana dafa mata saiwa, ko ana jiran maigida ya dawo daga kasuwa ya ba da izini, an cinye mata waɗannan sa'o'i. Ungozoma, komai gwanintarta, ba ta da wannan allura.

Saboda haka muna kira ga magidanta da su yanke shawara tun ciki yana wata biyar. A ware kuɗin mota, a san direban da za a tasa ko da tsakar dare, a kuma faɗa wa mutanen gida ƙarara cewa idan alamun nan suka bayyana a tafi asibiti mafi kusa, ko Babban Asibitin Babura ko na Kazaure, ko da maigida ba ya gari. Iyayenmu mata da surukai, ku daina yabon yarinya don ta ɓoye ciwo. Kunyar cikin fari tarbiyya ce mai kyau, amma kada ta hana amarya faɗin abin da ke damunta.

Ku kuma 'yan Zumuntar Mata, kun fi kowa sanin wadda ke da ciki a cikin ikkilisiya da maƙwabta. Ku raka su awon ciki. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ga ma'aikacin lafiya sau 8 kafin haihuwa. A can ake auna hawan jini, a duba fitsari, a ba da maganin ƙarin jini da na rigakafin zazzaɓin cizon sauro, wanda shi ma yana sa haihuwa kafin lokaci.

Idan kuwa an haifi bakwaini, kada a fid da rai. Ɗora shi a ƙirjin uwa fata da fata, a lulluɓe su tare, a riƙa ba shi nono a kai a kai, ya ceci jarirai da dama.

Mu yi addu'a, amma mu yi ta a kan hanyar asibiti. Gara a je a ce mana gajiya ce mu komo gida, da a zauna a yi da-na-sani. Ubangiji ya sauki matanmu lafiya.