Allon Lantarki Da Kogin Challawa

Ɗana ya nuna mini bidiyon wani allo mai batir da farfela, wanda fiffiken ƙarƙashinsa ke ɗaga mahayi sama da ruwa. Mai koyo kan fara a kwance, ya durƙusa, sannan ya miƙe, bayan ya sha faɗuwa ya kwankwaɗi ruwa. Yaron ya ce shi a Kogin Challawa zai koya. Na yi shiru.

Dagwalon masana'antun fata na Sharaɗa ta Salanta yake gangarawa can. Na Bompai ya bi Getsi zuwa Jakara. Da shi ake ban-ruwan alayyafonmu. Lallai hukuma ta tilasta musu tace shi. Ruwan da nake tsoron ɗana ya faɗa ciki, kullum yana cikin tukunyarmu.