A sauya dokin ƙofa tun ruwa bai sauka ba

Idan mai gida ya zauna lissafin gyara, rufi ne ke fara zuwa masa a rai, sai fenti, sai tayil, sai wataƙila sabon ƙyaure na ƙarfe. Dokin ƙofa ba ya shiga lissafin, ko da ya dare gida biyu, ko ya zaizaye har ana hango haske ta ƙarƙashin ƙyaure. Ana tsallake shi safe da yamma, ana ganin lalacewarsa, ana cewa sai an samu sarari. Ni a ganina wannan jinkiri kuskure ne mai tsada. Dokin ƙofar da ya lalace ya kamata a fasa shi a sake shi tun daga tushe, a yi hakan cikin rani kafin damina ta kankama, kuma nauyin aikin yana wuyan wanda ya mallaki gidan.

Magina na da sun san amfaninsa sarai. Shi ya sa suke ɗaga dokin ƙofar zaure, su jera dakali a gindin bango, su daɓe ƙasa da makuba don ruwa ya zame ya wuce. Sun fahimci cewa ginin ƙasa ta ƙafa yake mutuwa. Ruwan da ya faɗo daga indararo ya fantsama, da wanda ya gangaro daga lungu, idan suka sami hanyar shiga gindin bango sai tubalin ƙasa ya jiƙa ya yi laushi, nauyin da ke samansa kuma yana nan bai ragu ba. Ƙofa ita ce wurin da bango ya katse, don haka nan ne ruwa ya fi samun sauƙin shiga, kuma dokin ƙofa ne kaɗai ke tare wannan giɓi. Matsalar ta ƙaru a tsofaffin unguwanni na birane irin su Kano da Zariya da Katsina, inda lunguna suka yi ta tashi sama shekara da shekaru saboda cikon ƙasa da shara da aikin titi, har ɗakuna da yawa suka koma ƙasa da hanyar da ke gabansu. A irin wannan gida, ruwan dare ɗaya na watan Agusta ya isa ya cika ɗaki idan dokin ya karye. Mai ginin bulo ma bai tsira ba. Bulo yana shan ruwa, laima tana hawa bango a hankali, filasta ta kumbura, fenti ya ɓare. Gindin firam ɗin ƙarfe ya yi tsatsa har ya ɓule, na katako kuwa ya ruɓe, gara ta same shi a jiƙe ta shiga abinta. Mutum ya wayi gari ƙyaure ba ya rufuwa, ya kira kafinta ko mai walda, bai san cewa ciwon daga ƙasa ya faro ba.

Ba ruwa kaɗai ke bin wannan hanya ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma abin da ke shiga ta ƙarƙashin ƙofa ya fi ƙadangare haɗari. Ƙaramin ɓera yana iya kutsawa ta kafar da ba ta fi kaurin fensir ba, wajen milimita 6. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa da ke jihar Borno ta yau, yana kama mutum ne galibi ta abinci ko kayan gida da fitsari ko kashin wani nau'in ɓera ya taɓa. Bauchi da Taraba suna cikin jihohin da cutar ta fi addaba a Najeriya, kuma tana tsananta ne a lokacin rani. Shawarar da hukumomin lafiya ke maimaitawa kowace shekara ita ce a rufe abinci, a kawar da shara, a toshe kafofin da ɓeraye ke bi. Matan gida na ƙoƙari wajen rufe tukunya da adana hatsi, amma ina amfanin wannan ƙoƙari idan ƙofar ɗakin ajiya tana da ramin da hannu ke shiga? Ga kunama, ga maciji a gidajen da ke bakin gona, ga ƙurar hunturu da ke kwana a ƙirjin yara da tsofaffi. Duk ta wannan 'yar tsaga suke shigowa, ga shi kuma a ɗakuna da yawa yara a ƙasa suke kwana, kan tabarma ko katifa, daf da ƙofar.

Abin da aka fi yi idan an tashi gyara shi ne a kwaɓa ɗan siminti a shafa a kan tsagar. Wannan ɓarnar kuɗi ce. Sabon siminti ba ya kama tsohon da ya yi ƙura ya ruɓe, kuma shafe mara kauri ba ya jure takun ƙafa da jan babur da buhunan da ake shigowa da su. Kafin kaka ya ɓare, tsagar ta dawo har ta fi da. Dalili kuwa shi ne dokin ƙofa ba ya tsagewa haka kawai. Ko dai ƙasar da ke ƙarƙashinsa ta zauna saboda ruwa ya rarake ta, ko gara da ɓeraye sun yi rami, ko kuma tun farko yashi ya yi wa siminti yawa. Aikin gaskiya shi ne a fasa tsohon gaba ɗaya, a tono har a kai ƙasa mai ƙarfi, a duba gindin firam. Idan katako ne ya ruɓe, a yanke ruɓaɓɓen a sa sabo da aka shafa wa maganin gara, idan ƙarfe ne a kankare tsatsar a yi masa fenti. Sannan a cike ramin a daddaɓe shi, a shimfiɗa leda mai kauri don tare laima, a kafa katako gefe da gefe, a zuba kankare: kwano 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa, da ruwa daidai gwargwado, domin kwaɓin da ya yi ruwa-ruwa yana da daɗin zubawa amma ba shi da ƙarfi. A karkata samansa kaɗan zuwa waje don ruwa ya gangara can. Mataki na ƙarshe shi ne wanda aka fi wasa da shi. Kankare ba bushewa yake buƙata ba, jiƙa yake so don ya yi ƙarfi, kuma zafin Afrilu yana tsotse ruwansa tun bai kama ba. A zuba shi da yamma, a rufe da jiƙaƙƙen buhu, a riƙa yayyafa ruwa har kwana 7, a ɗora katako a riƙa takawa a kwanakin farko. Sai ya kwana 28 yake kai cikakken ƙarfinsa, wanda ke nufin mai son dokinsa ya tari ruwan Yuni to ya fara aikin tun Afrilu ko farkon Mayu.

Za a ce ana fama da abin sawa a baki, wa ke ta dokin ƙofa? Tambayar tana da nauyi, domin siminti ya yi tsada kuma birkila ba kyauta yake aiki ba. Amma a auna aikin da kyau. Ƙofa mai faɗin ƙafa 3 a bangon bulo mai inci 9, idan dokinta ya kai tsayin inci 6, simintin da zai ci bai fi kilo 10 da 'yan kai ba. Buhu kuwa kilo 50 ne. Ko an haɗa da abin da za a zuba a ƙarƙashi, rabin buhu ya wadatar, kuma maƙwabta biyu ko uku na iya haɗa kuɗi su sayi buhu ɗaya su kira birkila ɗaya ya gama musu a yini guda. A kwatanta wannan da kuɗin katifar da ta jiƙe, da buhun masara ko gero da laima ta ɓata, da sabon firam, balle a kai ga tayar da bangon da ya faɗi. Mai ƙaramin ƙarfi shi ne wanda asara irin wannan ke durƙusarwa, don haka shi ya fi kowa buƙatar ƙaramin gyaran da ke hana babba.

Wasu kuma za su ce wannan duk ɗora wa talaka laifin gwamnati ne, tunda magudanun ruwa a toshe suke, wasu unguwannin ma ba su da su sam. Gaskiya ne, kuma babu dokin ƙofar da zai tsaya gaban ambaliya irin ta 2022, wadda ta kashe mutum fiye da 600 a Najeriya ta raba sama da miliyan ɗaya da muhallinsu, ko wadda ta mamaye Maiduguri a watan Satumba na 2024 bayan ɓallewar madatsar Alau. Wannan aikin hukuma ne, kuma dole a ci gaba da matsa mata a kai. Sai dai ruwan da ke cin yawancin gidaje ba ya fitowa a labarai. Ruwa ne mai kai idon sawu, wanda ke malala a lungu na awa ɗaya ya janye, sau da dama a damina guda, shekara bayan shekara. Shi ne ke jiƙa gindin bango a hankali har ranar da bangon zai kwanta, kuma shi ne dokin ƙofa mai lafiya ke iya tarewa. Neman haƙƙi a wurin hukuma bai hana mutum tare ƙofarsa ba.

Ƙorafin da ya fi damuna shi ne na tsofaffi da masu buƙata ta musamman. Doki mai tsayi yana kayar da tsoho, yana wahalar da mai juna biyu da makaho, mai keken guragu kuwa ya zame masa katanga. Faɗuwar tsohuwa a bakin ƙofa na iya karya mata ƙugu ta kwanta ba ta sake tashi ba. Dokar hana nuna wariya ga naƙasassu da aka sanya wa hannu a Janairun 2019 ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara hanyoyin shigarsu, amma gidajen zama sai dai masu su su yi tunani da kansu. Amsar ita ce ba kowace ƙofa ke buƙatar tsayi ba. Ƙofar da ke tsakanin ɗaki da falo ba ta fuskantar ruwa, ya isa dokinta ya rufe kafar da ke ƙarƙashin ƙyaure kawai, a goge gefensa kada ya kama yatsa. Ƙofar waje da ta ɗakin da ke kallon tsakar gida su ne ke son tsayi, kuma a nan sai a yi musu gangara ciki da waje. Ma'aunin da aka saba shi ne kowane santimita 1 na tsayi a ba shi santimita 12 na tsawo, wato dokin santimita 10 yana son gangarar mita 1 da santimita 20. Inda lungu ya yi ƙunci ba za a sami wannan fili ba, a sa abin dafawa a jikin bango, a shafa wa bakin dokin fenti mai haske don a gan shi da dare. Kuma a tuna cewa karyayyen doki mai rami da kaifi ya fi lafiyayye kayar da mutane.

Saura batun gidan haya, inda wannan gyara ya fi shan jinkiri. Ɗan haya yana cewa gidan ba nasa ba ne, mai gida yana cewa ba shi ke zaune ciki ba, ruwa kuwa yana ta aikinsa. Dokin ƙofa jikin gini ne kamar bango da rufi, ba ƙwan lantarki ba ne da ɗan haya zai saya ya tafi da abinsa. Idan ya lalace, kadarar mai gida ce ke ruɓewa, don haka shi ya kamata ya biya, sai fa idan ɗan hayan ne ya fasa shi da ganganci. Abin da ke kan ɗan haya shi ne ya kai rahoto da wuri, tun tsagar tana ƙarama. Idan mai gida ba shi da kuɗi a hannu ko yana nesa, a yi yarjejeniya ɗan haya ya yi aikin a cire a kuɗin haya, a rubuta a takarda gaban dillalin gidan ko mai unguwa, a ajiye rasit na siminti da na birkila.