Siririyar waya, ɓarauniyar cikin gida

A Isa da Sabon Birni, kamar sauran garuruwan gabashin Sakkwato, rana ta fi turken lantarki cika alkawari. Kamfanin raba wuta na Kaduna ne ke da alhakin jihohin Kaduna da Kabi da Sakkwato da Zamfara, kuma rashin tsaron da ya addabi ƙasar Gobir bai bar gyaran layin da ya lalace ya zama abu mai sauƙi ba. Shi ya sa mai shagon caji da mai sayar da ruwan sanyi da magidanci suka karkata ga farantin sola da batir. Sai dai mutum yakan yi ciniki mai zafi a kan faranti da batir, ya yi sakaci da wayar da ke haɗa su, alhali ta nan kuɗinsa ke zurarewa. Lissafin da zai kare shi kuwa bai fi ƙarfin ɗan sakandare ba.

Duk wanda ya taɓa ban ruwa a fadamun Rima ya riga ya san rabin karatun. Ƙarfin da inji ke tura ruwa da shi, kwatankwacinsa a lantarki shi ake aunawa da bolt. Yawan ruwan da ke wucewa ta tiyo shi ne amfiya. Ƙuncin tiyo da tsawonsa, waɗanda ke hana ruwa gudu, su ne turjiya, ma'auninta om. A 1827 malamin nan na Jamus, Georg Ohm, ya bayyana dangantakarsu: raba bolt da amfiya, ka sami om. Aikin da wutar ke yi kuwa, wato wat, ana samunsa ne idan aka ninka bolt da amfiya.

A ce batir mai bolt 12 yana ba fanka da fitilu da ƙaramin firji amfiya 10. Wat 120 ke nan suke fita daga batir. A ce kuma an ja wutar da wayar jan ƙarfe mai lamba 1.5, irin wadda ake haɗa fitilun gida da ita, zuwa nisan mita 10. Tun da wuta tana zuwa ta dawo, tsawon hanyarta mita 20 ne, turjiyarta kusan om 0.23. Ninka wannan da amfiya 10: bolt 2.3 sun salwanta a hanya. Sake ninkawa da amfiya 10: wat 23 sun zama zafi a jikin waya. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na abin da rana ta bayar bai isa ɗaki ba.

Me ya sa wannan waya ba ta ba da matsala a gidan da ke kan layin gwamnati? Domin a bolt 230, wat 120 ba sa jan fiye da rabin amfiya da ɗan ɗoriya, asarar kuma ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na wat guda ba. James Joule na Ingila ya nuna tun farkon shekarun 1840 cewa idan amfiya ta ninka biyu, zafi yakan ninka huɗu. Saboda haka ma'aikacin da ya koyi sana'a a kan wutar layi, ya ɗauki al'adarsa ya kai wa sola mai bolt 12, zai cuci mai gida ba tare da mugun nufi ba.

Wani zai ce waya mai kauri tsada gare ta, kuma mutanen da aka raba da gonakinsu da dabbobinsu ba su da rarar kuɗi. Gaskiya ne, amma talaka ne ya fi kowa buƙatar lissafin, domin ba shi da halin sayen batir sau biyu. Batir mai amfiya 100 a bolt 12 yana ɗauke da abin da zai ba da wat 1,200 na awa guda, kuma irin mai ruwan asid ba a so a sha fiye da rabinsa. Duk wat ɗin da waya ta ci, batir ne ke biya, ya riƙa ƙarewa ƙarƙaf har ya mutu kafin lokacinsa. Araha ba ta ado.

Maganin ma ba duka ne ke cin kuɗi ba. Idan aka rage nisa da rabi, asara ta ragu da rabi. Idan aka sa waya mai lamba 6 a misalin nan, wat 23 za su koma kusan 6. Haka kuma idan aka jera batir biyu suka ba da bolt 24, da kayan da suka dace, amfiya za ta koma 5, asarar ta koma rubu'i. A kuma kankare bakin waya kafin a biya: idan cikinta fari ne, alminiyam ce aka yi wa rufin jan ƙarfe, turjiyarta kuma ta ɗara ta ainihi da fiye da rabi. Sannan a sa fiyus kusa da batir, domin wayar da ta yi zafi a ƙarƙashin rufin kara, a tsakiyar bazara, tana iya cin gida ɗungurungum.

Abu biyu ya kamata su zama al'ada a Gobir. Na farko, kada mai gida ya sallami mai haɗa sola sai ya auna masa bolt a bakin batir da kuma a bakin kaya, ana cikin aiki. Bambancin shi ne abin da waya ke ci. Na biyu, malaman kimiyya a makarantun Isa da Sabon Birni su fitar da dokar Ohm daga allo, su kai ɗalibai shagon caji da mita a hannu. Yaron da ya iya raba bolt da amfiya zai tsare wa mahaifinsa kuɗin batir, wataƙila ma ya tsare masa rufin ɗaki.