George Gallup, mutumin da ya koya ma ƴan kasuwa da mahukunta tambaya

Ranar 26 ga watan Yuli na shekara ta 1984, wani dattijo Ba'amurke mai suna George Gallup ya rasu cikin wani ƙauye na ƙasar Suwis, yana da shekara 82. Bai taɓa riƙe mulki ba, bai shugabanci wata jam'iyya ba. Amma duk wanda ya kunna rediyo ya ji an ce kashi kaza cikin ɗari na mutanen wata ƙasa sun fi son abu kaza, to gadon wannan mutum ne ya iso kunnensa. Aikin nan na jin ra'ayin jama'a, wanda ake ce ma sondage da faransanci, da kuma binciken kasuwa, wato neman sanin abin da masu saye suke so da dalilin da ya sa suke son shi, Gallup yana cikin mutanen farko da suka maida su sana'a mai ƙa'ida. Ya cancanci mu tuna da shi, domin darasin da ya bari ya shafi ɗan kasuwa, ya kuma shafi duk wanda aka damƙa ma al'amarin jama'a.

An haife shi a shekara ta 1901 cikin garin Jefferson na jihar Ayowa, ƙasar manoman masara. A jami'ar Ayowa ya yi karatu, kuma binciken da ya kai shi ga samun digirin dokta a 1928 a kan jarida ya yi shi. A wancan zamani, idan mai jarida yana son ya san abin da mutane suke karantawa, sai ya tambaye su kai tsaye, su kuma su ba shi amsar da za ta fid da su kunya: labarin siyasa da sharhin edita. Gallup ya sake hanya. Sai ya ɗauki jaridar jiya, ya zauna tare da mai karatu, su bi ta shafi bayan shafi, mutum ya nuna da yatsa abin da ya karanta da abin da ya tsallake. Nan ta bayyana cewa hotuna da zanen ban dariya sun fi samun masu dubawa bisa ga dogon sharhi irin wannan da kuke karantawa. Masu jarida ba su ji daɗi ba, amma sun ƙaru.

Ya koyar da aikin jarida cikin jami'o'i, kafin kamfanin talla na Young & Rubicam da ke birnin Niyok ya ɗauke shi a 1932 ya shugabanci sashen bincike. Ya yi shekara 15 a can yana auna tallar da mutane suke karantawa da shirin rediyon da suke saurare. A 1935 ya kafa cibiyarsa ta jin ra'ayin jama'a a garin Princeton. Daga baya masu shirya silima na Holiwud su ma suka riƙa neman shi, domin su san sunan fim da ɗan wasan da zai jawo ƴan kallo, tun kafin su zuba kuɗinsu.

Zaɓen shugaban ƙasar Amurka na 1936 shi ne ya fito da sunansa. Wata babbar mujalla mai suna Literary Digest, wadda ta yi dace a zaɓuɓɓukan baya, ta aika ma mutum wajen miliyan 10 takardar tambaya, fiye da miliyan 2 suka maido da amsa. Mujallar ta shelanta cewa Alf Landon zai kada shugaba Franklin Roosevelt. Shi kuwa Gallup mutum wajen dubu 50 ya tambaya, ya ce Roosevelt ne zai ci. Da aka ƙidaya ƙuri'u, Roosevelt ya ɗauki jiha 46 cikin 48. Ba a yi shekara biyu ba mujallar ta mutu.

Ina kuskuren ya fito? Mujallar ta tsamo yawancin sunayen daga littattafan masu talho, da rajistar masu mota, da jerin masu sayen ta. A wannan lokaci kuwa Amurka tana cikin matsanancin talauci, miliyoyin mutane ba su da aikin yi, balle talho ko mota, kuma su ne suka fi goyon bayan Roosevelt. Kuskure na biyu, waɗanda suka ɗauki wahalar maido da takardar sun fi yawa cikin masu fushi da gwamnati. Kowa ya san yadda mai sayen hatsi yake yi a kasuwa: ba ya zazzage buhu duka, amma kuma ba ya yarda da abin da aka shimfiɗa a baki. Yana tura hannu har ƙasa, ya ɗebo daga tsakiya da gefe. Mujallar ta ɗebi kwano da yawa, amma duka daga bakin buhu. Gallup ya ɗebi kaɗan daga ko'ina: birni da ƙauye, mai hali da talaka, tsoho da yaro, gwargwadon yawan kowane rukuni.

Sai dai tunawa da mutum ba ta cika idan aka ɓoye tuntuɓensa. A zaɓen 1948 Gallup ya ce Thomas Dewey zai ci, amma Harry Truman ne ya ci. An yi masa dariya ƙwarai. Wani kwamitin masana ya zauna ya binciki aikin masu jin ra'ayi na wannan shekara, aka gano aibi biyu. Na farko, sun daina tambaya makonni kafin ranar zaɓe, alhali mutane da yawa a ƙarshe suka yanke shawara. Na biyu, an bar ma ma'aikacin da ke yawon tambaya ya zaɓi wanda zai tambaya da kansa, shi kuwa ɗan Adam ya fi son ƙofar da take da sauƙin shiga. Gallup bai rufe cibiyarsa ba, bai kuma ɗora ma jama'a laifi ba. Ya sake tsari: a riƙa tambaya har dab da ranar zaɓe, kuma ƙuri'a ce za ta nuna unguwa da gidan da za a shiga, ba son ran ma'aikaci ba. Haka nan masana da suka sake duba ayyukansa na farko sun nuna cewa mata da baƙar fata da marasa ilimin boko ba su samu rabonsu daidai ba cikin waɗanda aka tambaya, domin hankalinsa yana kan masu jefa ƙuri'a. Ashe shi ma hannunsa bai kai gindin buhu ba.

Abin da ya ƙara masa daraja shi ne bai yi rowar saninsa ba. Tun a 1926 ya kafa wata ƙungiya mai suna Quill and Scroll domin ƙarfafa ma ɗaliban sakandare masu sha'awar aikin jarida. Wani saurayi ɗan Ingila, David Ogilvy, ya yi aiki ƙarƙashinsa a Princeton, sannan a 1948 ya kafa kamfanin talla da ya shahara a duniya, kuma bai daina faɗin cewa wajen Gallup ya koyi dogara ga bincike ba. Henry Durant ya kai wannan hanya Ingila a 1937. Wani malami Bafaranshe, Jean Stoetzel, ya sadu da Gallup a Amurka, ya komo gida ya kafa cibiyar IFOP a 1938. A 1947 cibiyoyin ƙasashe da dama suka haɗu cikin ƙungiya guda mai ɗauke da sunan Gallup. Ya kuma gindaya ma kansa sharaɗi, cewa ba zai karɓi kuɗin wata jam'iyyar siyasa ya yi mata bincike ba, domin kada mai biya ya zama shi ne mai amsa.

Bayan rasuwarsa an sayar da kamfanin a 1988, amma sunan bai ɓace ba. Tun 2005 kamfanin Gallup ya fara binciken ra'ayin mutanen duniya cikin ƙasashe fiye da 140, har da Nijar. Saboda haka maganar nan ba ta nesa ba ce.

To, mene ne namu a ciki? Ma'aikacin da ya fita rangadi, ya sauka gidan mai gari, ya saurari mutum biyar da suka iya magana gaban baƙo, ya komo ya rubuta cewa jama'a sun yarda, ya maimaita kuskuren mujallar nan ta 1936. Ɗan kasuwar da ya sari kaya bisa ga shawarar abokan hirarsa, bai tambayi matan da za su saya su yi amfani da su ba, shi ma haka. Wanda ya fi wuyar samu, mace a cikin gida, makiyayi a daji, manomin da bai iya karatu ba, sau da yawa shi ne yake riƙe da amsar da ake nema. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata, amma rayuwar Gallup ta ƙara mana sharaɗi: sai ya san wanda zai tambaya, ya tsara tambayar yadda ba za ta tura mutum ga amsar da ake so ba, ya rubuta abin da ya ji ko da bai yi masa daɗi ba, kuma ranar da ya yi kuskure ya fito fili ya gyara.

Ku kuma masu karatu, idan kun ji an kawo lissafin ra'ayin jama'a, ku tambaya: mutum nawa aka tambaya, su wane ne, yaushe, kuma wa ya biya kuɗin aikin? Idan kuma mai bincike ya yi sallama a ƙofarku, ku gaya masa abin da ke ranku, domin amsarku tana tsaya ma mutane dubbai da ba za a isa ƙofarsu ba.