Raɗaɗin da ke saura bayan rauni ya warke: me binciken ƙwaƙwalwa ke nufi ga majinyatan Ɗan Barto?

A kan hanyar da ta bi ta Matamaye zuwa Ɗan Barto da iyakar Najeriya, babura ne ke ɗaukar mutane da kaya dare da rana, kuma haɗari bai cika yankewa ba. Karaya tana ɗoruwa, miki yana rufewa, amma wasu na ci gaba da kukan zafi kamar na wuta ko fizgar lantarki a hannu ko ƙafa har tsawon shekaru. Sau da yawa dangi kan ce raki ne, ko kuma a danganta shi da iska ko sammu. Binciken likitoci ya nuna cewa jijiyar da ta ji rauni tana iya canza yadda ita kanta ƙwaƙwalwa ke aiki.

Ba haɗarin babur kaɗai ke jawo hakan ba. Allurar da aka yi ba daidai ba a ɗuwawu na iya taɓa babbar jijiyar ƙafa. Ciwon suga, kuturta da yanke gaɓa su ma suna lalata jijiyoyi. Jijiyar da ta lalace takan riƙa aika saƙon zafi babu dalili, laka ta ƙara masa ƙarfi, har shafar riga ta zama azaba.

A shekarar 1995, Herta Flor ta ƙasar Jamus ta gano cewa a wajen waɗanda aka yanke wa hannu, sashen ƙwaƙwalwa mai kula da fuska yana mamaye na hannun da ya tafi, kuma gwargwadon mamayar, gwargwadon zafin da suke ji a hannun da babu shi. A 2009, masu bincike a jami'ar McGill ta Kanada sun ga gaban ƙwaƙwalwar ɓeraye ya ragu watanni bayan raunin jijiya, a daidai lokacin da alamun fargaba suka bayyana gare su. A 2012 kuma, ayarin Vania Apkarian a Amurka ya bi masu ciwon baya na tsawon shekara guda, ya gano cewa ƙarfin alaƙa tsakanin gaban ƙwaƙwalwa da sashen da ke kula da sha'awa da lada yana nuna tun farko wanda ciwonsa zai daɗe. Wannan ne ya sa rashin barci, baƙin ciki da mantuwa ke rakiyar irin wannan raɗaɗi.

Hukumar lafiya ta duniya OMS ta amince da haka. A sabon kundinta na cututtuka da ya fara aiki a Janairun 2022, ciwon da ya wuce wata 3 ya samu rukuninsa na kansa.

Matsalar a yankunan kan iyaka ita ce inda majinyaci ke nufa. Farasitamol da ibuprofen ba su cika tasiri kan ciwon jijiya ba, sai mutum ya koma ga tramol na 'yan tebur. Sauƙin na ɗan lokaci ne, jiki ya saba, a ƙara yawan ƙwaya, daga nan manomi ko ɗan kabu-kabu ya wayi gari da cuta biyu. A ƙa'idojin ƙwararru na 2015, tramol yana sahu na biyu ne. Na farko sun haɗa da amitriptyline, magani mai araha da ke cikin jerin muhimman magungunan OMS, wanda ma'aikacin lafiya ne ya kamata ya rubuta shi.

Gano ciwon kuwa ba ya buƙatar na'urar IRM. Tun 2005 likitocin Faransa suka fito da gwajin DN4 mai tambayoyi da dubawa guda 10, wanda maki 4 a cikinsa ke nuna ciwon jijiya. Ana iya yin sa cikin 'yan mintoci a kowace cibiyar lafiya ta CSI, kafin a tura mai tsananin rauni babban asibitin Damagaram.

Akwai dalilin gaggawa. Bincike kan waɗanda aka yi wa aikin ƙugu ko na baya ya nuna cewa wasu canje-canjen ƙwaƙwalwar suna komawa daidai idan zafin ya lafa. Don haka horar da ma'aikatan CSI kan wannan gwaji, da ajiye maganin da ya dace a ɗakunan magani na gundumar Kance, na cikin hanyoyin rage masu sayen tramol a kasuwa.