Rigar Kariya Ga 'Yan Majalisa: Ina Hujjarta?

Sashe na 308 na tsarin mulkin 1999 ya hana gurfanar da shugaban ƙasa da gwamnoni da mataimakansu matuƙar suna kan mulki. A 2016, sannan a 2020, an gabatar da ƙuduri a Majalisar Wakilai don a yafa wa shugabannin majalisu wannan riga su ma.

Ba mu musun kariyar da doka ta ba ɗan majalisa kan abin da ya furta a zaure, domin ya faɗi gaskiya ba tsoro. Amma kariya daga tuhumar cin amana, ina hujjarta? Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa wata mace daga Banu Makhzum ta yi sata, Ƙuraishawa suka tura Usama ɗan Zaidu ceto. Annabi (SAW) ya ƙi, ya bayyana cewa kyale manya da hukunta raunana ne ya halaka mutanen da suka gabata. Shin ɗan majalisa ya fi Ƙuraishawa daraja ne?

Gyaran tsarin mulki ba ya tabbata sai majalisun jihohi 24 cikin 36 sun amince. Saboda haka wajibi ne mutanen Kawo su tambayi wakilinsu a Lugard Hall matsayinsa tun yanzu, kafin ƙudurin ya sake ɗago kai. Allah Ya sa mu gane gaskiya, mu bi ta.