Faffaɗan tayoyin da samarinmu ke yayi: a fara duba lambar da ke bakin ƙofa



Duk mai fita da marece a Yamai, ko mai tsayawa bakin babban gudron na Maradi ko Damagaram ranar ɗaurin aure, ya san abin da za mu yi magana a kai. Mercedes ce ko BMW, wani lokaci Lexus ko Camry, an wanke ta tana walƙiya. An cire ƙafafun da ta zo da su an sa manyan janti masu ƙyalli, an ɗora musu tayoyi masu faɗi, gefensu kuwa siriri kamar fenti anka shafa bisa ƙarfe. Wasu tayoyin har sun leƙo waje da jikin mota. In ka tambayi mai ita a fada, yana kurɓar shayi zai ce maka haka ta fi kama ƙasa, kuma ai haka masu tsere ke yi.

Mu dai a ganinmu, galibin motocin nan sun fi lafiya ranar da sunka sauko daga jirgin ruwa bisa ga yadda suke yanzu. Kuɗi anka kashe, anka sayo haɗari.

Samarin suna da tasu gaskiya, ba mu hana musu ita. Motocin tseren Formula 1 faffaɗan tayoyi gare su: a 2017 an kai na gaba milimita 305, na baya 405. Porsche 911 ma tayoyinta na baya sun fi na gaba faɗi, don injinta a baya yake, nauyin can ya taru. Bisa busasshiyar hanya mai sumul, faffaɗar taya mai kyau tana riƙe mota cikin kwana, ba gardama. Amma motar tsere tun daga takarda anka zana ta da wannan faɗin, birki da amortiso da komi an auna su da shi. Filin tserenta babu rami, babu jaki, babu yaro mai tallar ruwa. Ruwa na fara sauka kuma direban zai shiga gefe a canza mishi taya cikin ƴan daƙiƙoƙi. Wane ne zai yi maka haka tsakanin Dogon Dutsi da Ƙonni?

Mu koma ga lambobin da ke jikin taya, waɗanda yawancinmu ba mu taɓa sunkuyawa munka karanta ba. A ɗauki 205/55 R16 91V, ma'aunin da ƙananan motoci da yawa ke zuwa da shi. 205 faɗin tayar ne da milimita. 55 na nufin tsayin gefenta kashi 55 cikin 100 na faɗin, wato kusan milimita 113 na roba da iska tsakanin janti da ƙasa. 16 girman janti ne da inci. 91 nauyin da taya guda ke iya ɗauka ne, kilo 615. V kuma iyakar gudunta, kilomita 240 a awa. In anka haɗa, tsayin ƙafar gaba ɗaya kusan milimita 632 ne. Lissafin ajin farko na CEG ne, ba sai an je jami'a ba. Kamfanin da ya ƙera motar ya rubuta ma'aunin da ya dace a wata ƴar takarda da ke manne bakin ƙofar direba, ko cikin murfin wurin zuba mai, tare da yawan iskar da za a sa.

To ga yaro ya samo 245/45 R18 don ta cika ido. Tsayin ƙafa ya tashi daga 632 ya koma wajen 678, ƙarin kashi 7 cikin 100. Agogon gudu bai san an canza komi ba, juyin ƙafa kawai yake ƙirgawa. Allura na nan inda ta saba tsayawa, amma motar ta ƙara kusan kilomita 7 bisa kowane 100. Wani zai ce 7 ɗin me? Nisan da mota ke ci kafin ta tsaya ba daidai da gudu yake ƙaruwa ba, ya fi shi saurin hawa: ƙarin 7 a gudu na zama kusan ƙarin 15 cikin 100 a nisan birki. Waɗannan ƴan mitocin su ne tsakanin gaban mota da mai kabu-kabu da ya gitta. Ga shi ƙafar ta ƙara nauyi, birkin da anka auna wa ƙaramar ƙafa shi zai tsai da babba. In an juya sitiyari har ƙarshe kuma, ko an hau tudun rage gudu da mutum biyar a ciki, sai ka ji tayar na gogar jikin mota. Wannan gugar ba ƙara ce kawai ba, yanka gefen taya take a hankali.

Wani ya fi wayo, ya yi lissafi ya ɗauki 225/35 R19. Tsayi ya zo daidai, wajen 640. Madalla. Sai dai gefen tayar ya sauko daga milimita 113 zuwa 79, kuma irin wannan taya sau da yawa 88 ke rubuce jikinta a madadin 91, wato kilo 560. Kowace ƙafa ta rasa kilo 55, huɗu sun rasa 220. Mu kuwa mun san yadda muke loda mota in za a je gida salla: mutane, buhun shinkafa, jarkar mai, har da rago in ya samu wuri.

Gefen nan da anka rage shi ne matashin farko da mota ke da shi. Babbar hanyarmu ta ƙasa, RN1, da ta taso daga Yamai ta bi Dosso, Ƙonni, Maradi, Damagaram har Diffa, akwai inda take sumul, akwai inda damina da manyan kamiyo sunka ci bakinta. Taya mai tsawon gefe in ta faɗa rami sai ta lotsa ta dawo. Mai siririn gefe babu inda za ta lotsa, bakin rami zai matse ta da janti. Ko janti ya lanƙwashe, ko ya tsage, ko zaren cikin tayar ya tsinke ta yi ƙulu a gefe. Ƙulun nan mai faci ba shi da maganinshi, kuma ba ya sallama ranar da zai fashe. Abin da taya ba ta shanye ba kuwa, rulma da rotil da amortiso ke shan shi. Ku tambayi kowane mai garaji. Akwai kuma sawun da kamiyo ke bari bisa gudron in zafi ya tausasa shi. Faffaɗar taya na bin wannan sawu, ka ji sitiyari na fizgar hannunka.

Sai damina. Wurin da taya ke taɓa ƙasa bai wuce tafin hannu ba, kuma nauyin mota da iskar da ke ciki su ke yanke girmanshi. Ƙara faɗi ya fi canza siffarshi bisa ga girmanshi: ya gajarce ya yi faɗi. In ruwa ya kwanta bisa hanya, dole zanen taya ya kore shi gefe kafin roba ta taɓa gudron. Faffaɗar taya ruwan da za ta kora ya fi yawa, hanyar fitarshi ta fi nisa. In gudu ya yi yawa sai ta hau bisa ruwan ta yi ta sulɓi, sitiyari ya yi sakayau, birki ya zama ba shi da amfani. A watan Agusta, da magudanan garuruwanmu ke cika cikin rabin awa, wannan ba labarin ƙasar Anasara ba ne.

Muna jin masu cewa ai ƙasarmu rairayi ce, faɗi ya fi. Su je tashar Agadas su duba ƙafafun Land Cruiser da Hilux masu shiga Tenere. Tayoyi ne masu dogon gefe, irin su 7.50 R16. In direba ya iso rairayi sai ya sauka ya rage iska, tayar ta baje, sawunta ya ƙara tsawo, mota ta wuce. Haka motocin Paris-Dakar ke yi zamanin da suke ratsa Agadas cikin shekarun 1980. Tayar da gefenta bai kai faɗin yatsa biyar ba, in ka rage mata iska janti za ka taka.

Ƙarfen nan da ake cusawa bayan janti don ƙafa ta turo waje, shi ba mu da doguwar magana a kai. Yana ƙara wa rulma wahala, in kuma ba a sa kusoshi masu tsawon da ya dace ba, ƙafa na iya rabuwa da mota ana cikin tafiya.

Abin da ya fi tada mana hankali shi ne inda tayoyin ke fitowa. Sabuwar taya mai inci 18 ko 19 ta kamfanin kirki tsada gare ta, balle da hanyar Kwatano ta toshe a 2023, kaya sunka riƙa zagayowa ta Lome. Yaro ya kashe abin da ke hannunshi wajen janti, saura kaɗan, sai ya nufi masu tsofaffin tayoyi. Can zai samo biyu na kamfani guda, ɗaya ta wani, ta huɗu ma tsayinta daban. Tayoyi ne da Turai ta gama da su. Can doka ta hana hawa tayar da zurfin zanenta ya gaza milimita 1.6, kuma da yawa tun kafin nan suke yar da ita. Wasu ma na sanyi ne, za ku ga hoton dutse da ƙanƙara a gefensu. Robarsu mai taushi ce, an yi ta don hunturun Jamus, mu kuma mu ɗora ta bisa gudron na watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a inuwa.

Kuma kowace taya na ɗauke da ranar haihuwarta. A nemi inda anka rubuta DOT, a duba lambobi huɗu na ƙarshe. In an ga 2316, an yi ta a sati na 23 na shekarar 2016. Kamfanin Michelin da kanshi na cewa in taya ta kai shekara 5 a riƙa duba ta kowace shekara, in ta kai 10 a cire ta ko da zanenta na nan. Roba na bushewa ko ba a hau ta ba. Mai sayarwa zai shafe ta da mai ta yi baƙi wuluk, amma lambar ba ta gogewa. In motar mai jan ƙafa huɗu ce, ko mai na'urar ABS da ke auna juyin kowace ƙafa, tayoyi masu bambancin tsayi na rikita ta, gyaran kuwa ya fi kuɗin tayoyin nesa.

Ba mu ce kowa ya zauna da abin da ya tarar ba. Mai son ado na da hanya. Daga 205/55 R16 ana iya hawa zuwa 225/45 R17: tsayi 634, bambancin milimita 2 kacal, gefe ya saura 101, kuma kamfanoni da dama sun yarda da ita a takardar motar. Taki guda, ba uku ba. Lambar nauyi da harafin gudu kada su gaza na asali, faɗin janti ya dace da tayar, huɗun su zama iri ɗaya, aƙalla dai biyun da ke layi guda. In kuɗin bai kai ba, sabbin tayoyi huɗu na ma'aunin asali sun fi faffaɗan tsofaffi riƙe hanya, a rani da damina.

A Jamus, wanda ya sa ƙafafun da ba su cikin takardun motarshi sai ya nuna shaidar an yarda da su, ko ya kai hukumar binciken motoci ta duba ta rubuta. Mu ma muna da bisit teknik, muna da ANISER mai kula da kiyaye haɗurran hanya. Roƙonmu gare su bai da tsada: mai binciken ya buɗe ƙofar direba, ya karanta takardar, ya sunkuya ya gwada da abin da ke jikin taya, ya duba shekararta. Minti biyu ne. Masu sayar da taya kuma, don Allah ku faɗa wa yaro gaskiya ko da cinikin zai ragu.

Iyaye, ku ma da ku muke. Motocin nan ba daji ake kai su ba. Su ne gaban kortej ranar kai amarya, cike da ƙawaye, yara na gudu a gefe, direba na murza sitiyari yana tada ƙura don a ɗauke shi a waya. Kafin ku ba da makulli ranar bikin, ku zagaya motar ku dubi ƙafafunta. In kun ga ƙulu a gefe, ko tsagewa, ko sawun inda taya ke gogar jiki, a ajiye ta a ɗauko wata.